Baƙo Ba Ya Dasa Itace

Abujar da na sani a farkon dawowar mulkin farar hula gari ne da ke sumewa ranar Juma'a, ba ya farfaɗowa sai safiyar Litinin. Liman na sallamewa sai ka ga motoci sun miƙa, wasu Kaduna, wasu Lakwaja, kowa ya nufi inda ya baro iyalinsa. Ni ma na daɗe a cikin wannan ayari, ina zuwa Funtuwa. Da Allah ya yi wa uwar 'ya'yana rasuwa, 'yata ta tare a gidan mijinta a Kaduna, ɗana kuma aiki ya kai shi can kudu, sai na wayi gari ba ni da wanda zan je wa. Gidan yana nan, makulli yana aljihuna. Amma in tuƙa mota tun daga Abuja don in je in gai da kwaɗo da yanar gizo, ban ga abin da zai ƙara mini ba.

Sai na zama ɗaya daga cikin masu gadin gari. Ina haya a Lugbe, ciki da falo, a wani gida mai ƙofofi da yawa inda na fi sanin kukan janareton maƙwabcina fiye da muryarsa. Ran Asabar in wanke kayana, in shanya, in zauna ina kallonsu suna bushewa. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, ba na ɓoyewa. Idan abin ya ishe ni sai in shiga tsohuwar motata in bi hanyar Gwagwalada ba tare da na san inda za ni ba.

A irin wannan yawo na tsaya sayen doya a bakin titi, gaba kaɗan da Sheda. Mai doyar wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi, gajera, mai kaifin baki, kowa Mama yake ce mata. Na taya doya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce da irin wannan tayi gara in je in noma tawa. Na ce da ina da gona ai da na noma. Ta ce gona ba wuya, yayanta yana da wadda ƙarfinsa bai kai ba. Da wasa da wasa, mako na zagayowa sai ga ni da ƙullin goro a gaban yayan nata, wani dogon tsoho marar yawan magana da ni ma na bi sahu ina kira Baba. Ya ba ni aron wata 'yar gona a bakin rafin ƙauyensu, bisa al'ada, in noma in ci, in kaka ta yi in kawo masa abin da ya sauƙaƙa.

Rafin daga gindin wani tsauni yake fitowa a bayan ƙauyen, ya ratsa gonaki ya gangara kudu. Baba ya ce yana yaro kurmi ne ya rufe shi ruf, ko da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi, ruwa kuma ba ya yankewa. Abin da ni na tarar kuwa wani faffaɗan kwari ne mai jan baki, gaɓarsa tana zubewa duk damina. An sare manyan itatuwa an yi gawayi an kai birni. An yi kunyar doya har bakin gaɓa. Sauran kuma tifofi suka ƙarasa, don lokacin gine-gine ne, kowane wayewar gari sabuwar unguwa na tsirowa a hanyar filin jirgi, kuma duk yashi take ci. Ban cika zagin direbobin tifa ba. Wa ya sani, ko yashin rafin nan ne a bangon ɗakin da nake haya.

Mata ne suka fara tayar da maganar, don su ke shan wahalar. Da rani sai su tona rami a tsakiyar rafin su tsuguna da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsattsafo, rabin yini ya tafi a kan tulu ɗaya. Sun yi wa maza magana har sun gaji. Sai Mama ta tara su suka ce daga ranar babu macen da za ta sake dafa abincin gayyar tulin doya sai maza sun zauna a kan zancen rafi. Gayya kuwa ba abinci ai taron hira ne. Ba a daɗe ba maza suka zauna.

Ba gwamnati a ciki, ba wata ƙungiya mai farar mota da allon sanarwa. Su kaɗai suka yanke abinsu a gindin mangwaron mai gari. Aka sari wata doguwar gora aka ce ita ce ma'auni, daga bakin gaɓa zuwa ƙarshenta an bar wa rafi, babu mai sa fartanya. Aka gitta ƙaton gungume a hanyar tifofi. Aka je rugar Fulani aka yi magana, aka ware musu mashaya guda inda shanu za su sauka. Aka kuma sa ranar Asabar ta zama ranar gayyar rafi, don Juma'a ta masallaci ce, Lahadi ta coci, ƙauyen kuwa kowane gida da akwai duka biyun. Da aka kwantar da gorar a gonata sai ta cinye mini wuri mafi danshi, inda nake sa kuɓewa. Na ce a ɗauka, ban ko ji zafi ba. Murna ma nake yi, wai an auna da ni.

Aikin farko na tare ƙasa ne. Muka riƙa jera duwatsu a cikin kwazazzabai, muna cika buhuna da ƙasa muna toshe inda ruwa ya ɓalle, mata suna dasa ciyawar jema a jere a kan gaɓa don saiwarta ta riƙe. Matan can a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba a ka ba, na gwada sau ɗaya da dutse, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai maganar itatuwa ta taso. Suka ce ba sa son itacen turare da dogon yaro, na da ɗin suke so, waɗanda rafin ya sani: malmo, maɗaci, ɗinya, kanya, ɓaure, da ɗorawa a can sama-sama. Matsalar ita ce wa zai yi renon dashe, ga shi ƙauyen ba ruwan sha ma balle na ban-ruwa, awaki kuma ba sa barin tsiro ya kwana.

Nan na miƙe na ce ni zan yi. Ba cika baki ba ne, mahaifina mai lambu ne, na tashi da sanin yadda ake lallaɓa tsiro. Bayan ɗakina a Lugbe akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da katanga, ba akuya, ba yara, ba ma mai leƙawa. Na fara tsintar ledojin fiya wata a tashar Wuse in na taso daga ofis, da babbar rigata da hulata, direbobin tasi suna kallona. Abokan aikina suka ji labari suka ce oga ya koma baban bola. Na ƙyale su. Su hirarsu ba ta wuce fuloti da kwangila, wa ya samu, wa aka hana, ni kuwa tun da aka kawo ni ma'aikatar ban taɓa samun ko inda zan kafa turken akuya ba.

Iri kuma na bi shi gida-gida. Mama ta kawo mini 'ya'yan malmo daga wata tsohuwar bishiya ɗaya da ta tsira a gindin tsauni, shi kuwa malmo ba ya son jira, yana nuna ka shuka. Na maɗaci na tsinto a wurin ajiye motoci na wata ma'aikata, inda magina suka manta ba su sare wata bishiya ba. Kalwar ɗorawa sai ka jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta yarda ta fasa. Ɗinya kuwa ta fi fayil ɗin ƙarin girma jinkiri, sai ka fid da rai sannan ka ga ta leƙo. Ina sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, jarka ta wanka, jarka ta dashe, wani lokaci dashen ya sha duka biyun. Watanni aka yi haka. Karo na farko tun rasuwar matata da nake ɗokin komawa gida in an tashi aiki, don akwai masu jirana.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, aka sa ranar dashe. Na cika but ɗin mota da kujerar baya da ledoji, na tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na tarar ƙauyen duk ya fito, har da mai kiɗan gayya. Samari suka sauke kaya suna ta yaba kyan dashen, kaina ya yi girma. Aka haƙa ramuka a jere. Na zaɓi wani maɗaci da na fi so, miƙaƙƙe mai jan toho, na je ramin da ke bakin gonata na durƙusa, na yaga leda, na yi bisimilla.

Ban kai ga sa shi ba na ji hannu a wuyan hannuna. Mama ce.

“Oga, kawo shi,” in ji ta. “Kai ba zai sa shi a ƙasa ba.”

Na ɗauka irin tsokanarta ce, na yi dariya. Sai na lura mai kiɗa ya tsaya, na kusa da mu duk sun sunkuyar da kai. Ta zare dashen daga hannuna a hankali, ta miƙa wa wani ɗan Baba, shi ya sa a rami ya tura ƙasa ya danne da dunduniya. Ni ina durƙushe da yagaggiyar leda a hannu.

Baba ya ja ni gefe. Ya ce, “Malam, ba faɗa ba ne. Baƙo yana noma doya, yana noma dawa, abin da zai cire ya tafi. Itace ba ya tafiya. Wanda ya dasa itace, shi ke da ƙasa.” Sannan ya ba ni labarin wani mutumin birni da aka ba aron gona a ƙauyen da ke gaba da su, ya cika ta da kashu da mangwaro suna ta yi masa sannu da aiki. Da aka zo fitar da hanya, masu awo suka ƙirga itatuwa suka rubuta sunan mai itace, shi aka ba diyya. Bayan nan ya dawo da takarda ya zagaye sauran da waya. Masu gonar har yau ta bayan waya suke leƙen kabarin kakansu.

Na san wannan doka tun kafin Baba ya buɗe baki. Ko a Funtuwa haka take. Mahaifina da kansa ya taɓa tuge gwaibar da wani mai aron lambu ya dasa, ina tsaye ina kallo, kuma a lokacin ban ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, na san wannan ma. Amma sani bai hana raina ɓaci ba. Na ce a zuciyata, ni da na tsinci leda a bola da furfurata, na hana kaina ruwan wanka, ni za a haɗa da ɓarawon gona? Ban tsaya cin abincin gayya ba. Na shiga mota na dawo Lugbe, ina tafe ina ƙirƙiro maganganun da ya kamata in faɗa musu.

Na yi zuciya na daina zuwa. Asabar ta dawo mini yadda na bar ta, har ta fi da tsawo. In shiga kasuwar Wuse in zaga layin atamfa da na agogo in fito ban sayi komai ba. In je teburin mai shayi inda 'yan cirani 'yan'uwana Hausawa ke taruwa, masu tura baro da masu yankan farce, da niyyar in ji Hausar gida. Ina isa sai su tashi su ba ni benci, a ce sannu da zuwa Alhaji, hira ta mutu har sai na tafi. A lokacin Mama ba ta da waya, Baba ma haka, saboda haka ba wanda ya neme ni, ni kuwa na riƙa jin haushin rashin neman kamar da gangan ne.

Abin da ya karya fushin nawa sauran dashen ne da ke lungu. Ba ruwansu da zuciyata, girma kawai suke yi. Wata safiya na ɗaga wata leda sai na ji ta ƙi tasowa, saiwa ta huda ta ta kama ƙasar gidan haya. In na bar su za su mutu a leda, ko mai gida ya sa a share su. Na loda su na kama hanya, ina jin kunya kamar yaron da ya gudu daga makaranta.

Mama tana hango ni ta ce, “Oga, fushi ya ƙare? To ɗauki jarka.”

Iyakar bikon da aka yi mini ke nan.

Daga ranar na san matsayina na kuma riƙe shi. Ni ke reno, ni ke kawowa. Ina haƙa rami, ina yaga leda, ina zuba ruwa, ina kewaye dashe da ƙaya saboda awaki. Da kaka ina cikin masu share layin wuta don kada gobarar daji ta shigo. Komai ina yi, ban da ɗan lokacin nan da dashe ke barin hannu ya zauna a ƙasa. Idan aka zo nan sai in miƙa wa na kusa da ni, ko tsohuwa ce, ko matar da aka auro shekaran jiya daga wani gari, ita ta sa.

Aikin bai tafi sumul ba. Wata shekara ambaliya ta kwashe buhunanmu ta kai su inda ba mu sani ba. Wata shekara wuta ta tsallake layi ta cinye dashen damina biyu. Tifofi sun sake ɓullo da wata hanya ta bayan tsauni, sai da mata suka je suka zauna a kan hanyar da tukwanensu. Akwai kuma waɗanda suka riƙa satar kunya ɗaya-ɗaya a cikin rabon rafi, a kai ƙara, a sake kwantar da gora, a yi ta cacar baki. Amma jema ta kama. Gaɓa ta daina zubewa. Ɓaure da malmo suka yi kai, inuwarsu ta fara haɗuwa a wasu wurare. Ruwa ya riƙa ƙara kwanaki kafin ya yanke, har aka zo wani rani da bai yanke ba sam, siriri ne amma yana tafiya. Ran da na ga mata suna wanki a tsaye a cikin ruwa a tsakiyar bazara, na koma bayan mota na share hawaye.

Sun girmama ni, ba zan ce ba su yi ba. Duk biki sai an aiko mini. In na je a kawo farar kujerar roba a ajiye a gaba, a ba ni lemo mai sanyi da abinci a faranti mai murfi, an tabbatar Musulmi ne ya yanka. Su kuma su baje a tabarma suna ci a kwano ɗaya suna hira da yarensu, wanda ban iya komai a ciki ba sai gaisuwa. Na sha jawo kujerar baya, a sake mayar da ita gaba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in muna tafiya da Baba a bakin rafi da yamma. Yakan riƙa nuna itatuwa da sandarsa yana kiran masu su, wannan na wane ne, wancan wance ta sa shi shekarar da ta haihu, wancan na marigayi wane. Ni na san kowanne tun yana ganye biyu, na san wanda ya kusa mutuwa a leda na cece shi. Mukan bi rafin daga sama har ƙasa sandar ba ta tsaya a kan nawa ba.

Ana haka ritaya ta matso. 'Yata ta fara kira tana cewa, “Baba, ka dawo gida haka nan. Wa gare ka a Abuja?” Hayar Lugbe ta ninka, fansho ba zai ɗauka ba. Na aika aka gyara rufin gidan Funtuwa, na fara tura kaya kaɗan-kaɗan, na yi mata alkawari in damina mai zuwa ta wuce zan taho. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai.

Na sami Baba yana gyara ƙotar fartanya a ƙofar gidansa. Na zauna a ƙasa kusa da shi, ban yarda an kawo kujera ba. Na ce, “Baba, ban taɓa roƙonka komai ba bayan gona. Itace ɗaya nake so in dasa da hannuna. Ba na son ƙasarku, ba na son 'ya'yansa, in kun ga dama ku tara shaidu. Guda ɗaya tak.”

Ya daɗe yana fiƙe itacen hannunsa. Can ya ce, “Ba ni kaɗai ba ne. Zan kai wa manya.”

Rani guda na yi ina jira. Duk Asabar in dubi fuskarsa, ba ta faɗa mini komai. Mama ma da ba ta iya riƙe magana ta kama bakinta. Daga baya na ji an yi zama ya fi a ƙirga, wasu sun ce in an buɗe wa ɗaya an buɗe wa dubu, Mama kuma ta ce musu duk inuwar da suke zaune a ciki suna gardama daga bayan ɗakina ta fito.

Ranar gayyar farko ta sabuwar damina, da hantsi, Baba ya ce in biyo shi. Muka hau har gindin tsauni inda idon ruwan yake, mutane suna biye da mu. Na tarar an riga an haƙa rami a wuri mai kyau, dab da inda ruwa ke ɓuɓɓugowa. Mama ta zaɓo malmo a cikin waɗanda na kawo ta ɗora mini a tafin hannu biyu. Na riƙe shi na tsaya kusa da ramin.

Baba ya tsaya a bakin ramin ya yi magana da Hausa don in ji. Ya ce, “Malam, manya sun yarda. Amma mu ba mu san yadda baƙo zai dasa itace ba, ba mu gada ba. Abin da muka sani, mutum ya daina zama baƙo. Za mu ba ka wuri ka yi ɗaki. Gonar ka ci har ka mutu.” Ya ɗaga sanda ya nuna wani tudu a hayin rafi. “Can Musulminmu suke kwance, ƙanena yana can. Wanda ya dasa a nan, can za mu kai shi. Ka yarda, ka sa itacenka.”

Ban zaci haka ba. Na zo roƙon abu kaɗan, sai aka miƙo mini duka. Na dubi tudun, ciyawa ta fara tsirowa a kansa, wuri ne mai kyau. Sai Funtuwa ta taso mini, maƙabartar bayan gari inda mahaifiyata take, inda na sa matata da hannuna, da muryar 'yata a waya, da jikokin da ba su san ni sosai ba. Na nemi mafaka a inda malamai ke nema, na ce, “Baba, ai babu wanda ya san ƙasar da zai mutu sai Allah.”

Mama ta ce, “Oga, mun sani. Ba Allah muka tambaya ba, kai muka tambaya. Kai zai zauna?”

Da na ce i, da ba wanda zai bi ni Funtuwa ya kamo ni. Na san haka, na kuma ji zuciyata tana cewa faɗi kawai, ka sa itacenka ka tafi. Amma mutanen nan sun yi rani guda suna gardama a kaina, sun fito da abin da ba su taɓa ba kowa ba. Ba zan saka musu da abin da mai kashu ya yi wa maƙwabtansu ba, ko da nawa bai wuce suna a bakin sanda ba. Ina so in zauna, wallahi ina so. Ina kuma so in tafi.

Na ce, “Ba zan iya yi muku alkawari ba. Na riga na yi wa 'yata.”

Ba wanda ya yi fushi, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Baba ya gyaɗa kai kamar dama ya san amsar. Ya ce, “Ba laifi, Malam. Kai kana da wurin zuwa. Mu nan ne kawai.” Na ajiye malmon a bakin ramin na ja da baya. Wata mata mai goyo ta tsuguna ta sa shi, mai kiɗa ya ci gaba, mutane suka watsu kowa ya kama aikinsa, don hadari yana haɗuwa kuma akwai ramuka da yawa a ƙasa.

Damina na wucewa na taho. Yanzu ina Funtuwa, a gidan da na gada. A masallacin unguwa ɗan Abuja suke ce mini, in na zo a matsa a ba ni wuri, a tambaye ni labarin manya kamar tare muke kwana da su. Sa'o'ina yawanci sun rasu, samarin kuma ban san 'ya'yan wa ba ne. 'Yata takan zo da yara in an yi hutu, su kwana biyu su koma. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, da ina jin karin maganar nan ina ɗauka da wasu ake.

Ina da gonar gado a bayan gari, tawa ce halak malak. Na dasa maɗaci da ɗorawa a iyakarta, da hannuna, yadda na ga dama. Na je ni kaɗai, na haƙa, na sa, na danne ƙasa, na dawo. A nan babu mai riƙe mini hannu. Babu kuma wanda ya taɓa tambayata ko zan zauna.